Tarihin Gano Gubar Bakteriya da Sandar Kabon

Auna sinadarai ta hanyar lantarki ya kankama ne a birnin Prag a 1922. A shekarar ce Jaroslav Heyrovsky ya nuna cewa wutar da ke ratsa ɗigon zaiba a cikin ruwa tana bayyana abin da ya narke a ruwan da kuma yawansa. Aikin ya samo masa lambar Nobel a 1959. Sai dai zaiba kanta guba ce, ba abin yawo da shi a aljihu ba.

Kabon ya shigo a 1958, lokacin da Ralph Adams na Jami'ar Kansas a Amurka ya kwaɓa garinsa, irin na bakin fensir, ya mai da shi sandar awo. Idan bakin sandar ya yi datti, sai a goga shi a takarda, sabo ya fito. A 1962 Leland Clark da Champ Lyons suka kawo dabarar haɗa sandar lantarki da sinadarin halitta mai gane sukari shi kaɗai. Dabarun biyu sun haɗu a 1987 cikin ExacTech, na'urar auna sukarin jini mai 'yan falle da aka buga wa tawadar kabon, ana amfani da su sau ɗaya a yar. Arhar waɗannan fallen ce ta ba kabon galaba.

Gano gubar bakteriya da sandar kabon ya zo a makare, alhali buƙatar ta daɗe. Dafa abinci yana kashe bakteriyar Staphylococcus aureus, amma gubar da ta zuba tana jure zafi, don haka neman ƙwayar kaɗai ba ya wadatarwa. Gubar botulinum kuwa ɓeraye ake yi wa allura da samfurin, a jira har kwana huɗu a ga ko za su mutu. A sabuwar hanyar ta sandar kabon, ana manna wa fuskar kabon abin da ke cafke gubar, galibi sinadarin garkuwar jiki. Ga gubar kwalara akan yi amfani da GM1, wato maƙalin da take kamawa a bangon hanji. Da gubar ta maƙale, sai ta tare wa wutar hanya, na'ura ta nuna raguwar. Piyosiyanin, shuɗin sinadarin da Pseudomonas aeruginosa ke fitarwa, ba ya ma buƙatar tarko, domin da kansa yake musayar lantarki da kabon.

Siraran bututun kabon da Sumio Iijima ya bayyana a 1991, da girafin da aka ware a Manchesta a 2004, sun faɗaɗa fuskar sandar har tana jin guba 'yar mitsitsiya. Duk da haka, madara da jini da bayan gida suna toshe fuskar kabon, zafi kuma yana lalata sinadarin garkuwar. Shi ya sa akasarin waɗannan na'urori har yanzu ba su bar ɗakin bincike sun shiga asibiti ba.