Kumburin jijiyoyin jini: Abin da bincike ya gano, daga Jamus zuwa Kano

Bangon jijiyar jini nama ne mai rai, don haka yana iya kumbura kamar kowane sashe na jiki. Idan ya kumbura sai ya yi kauri, hanyar jini ta ƙuntata ko ta toshe, wani lokaci kuma ya yi rauni har ya fashe. Gaɓar da ke samun jini ta wannan hanya ita ke ɗanɗana kuɗarta, walau ƙoda, huhu, ido, fata ko ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiran wannan rukuni na cututtuka baskulaitis.

Galibi garkuwar jiki ce ke juyowa ta auka wa jijiyoyin mai ita. Akwai kuma nau'o'in da wata cuta ke tayarwa, kamar ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau, ko wasu magunguna.

Wahalar gane ta ita ce alamominta na farko ba su da bambanci da na sauran cututtuka: zazzaɓi mai naci, rama, kasala da ciwon gaɓoɓi. A ƙasar da ake fara ɗora wa maleriya da taifot laifin kowane zazzaɓi, mai wannan cuta zai iya shafe watanni yana shan maganin abin da ba ya damunsa.

Yadda binciken ya faro

A 1866 likitoci biyu a Jamus, Adolf Kussmaul da Rudolf Maier, suka yi cikakken bayanin wani nau'i da ke haddasa ƙulle-ƙulle a jikin jijiyoyi. Sai a 1970 aka gano alaƙarsa da ciwon hanta nau'in B, wanda Najeriya ta sanya rigakafinsa cikin alluran jarirai tun 2004.

A 1908 wani likitan ido a Japan, Mikito Takayasu, ya ba da rahoton nau'in da daga baya aka laƙaba wa sunansa. Ya fi kama mata masu ƙuruciya, har akan kasa jin bugun jijiya a hannunsu. A 1967 kuma Tomisaku Kawasaki ya bayyana wanda ke kama ƙananan yara, yana lalata jijiyoyin zuciya.

Nau'in da ke kama hanci da huhu da ƙoda shi ne ya fi nuna amfanin bincike. Wani nazari na 1958 ya nuna cewa a matsakaici masu shi kan rayu kimanin wata biyar ne kawai idan ba magani. Daga shekarun 1970 aka soma haɗa magungunan danne garkuwar jiki, akasarin majinyata suka riƙa samun sauƙi, duk da illar da magungunan ke bari. A 2010 gwaji ya tabbatar da ingancin maganin rituksimab, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Rawar da Kano ta taka

A nan gida, abin da ya fi ɓarna ga jijiyoyin yara shi ne amosanin jini, wato sikila. Likitoci ba sa lissafa ta cikin rukunin baskulaitis, amma ɓarnar tana da kusanci: ƙwayoyin jini masu siffar lauje na manne wa bangon jijiya, su ji masa rauni, su tayar da kumburi, har manyan jijiyoyin ƙwaƙwalwa su tsuke. Ƙarshen abin shi ne shanyewar ɓarin jiki ga yaron da bai ko gama firamare ba. An ƙiyasta ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara.

Ana iya hango haɗarin tun bai auku ba. Akwai na'urar da ake ɗorawa a gefen kai ta auna gudun jini, ba allura ba yanka. Idan gudun ya kai santimita 200 a daƙiƙa, alama ce jijiyar ta tsuke. Wani bincike a Amurka a 1998 ya nuna cewa ƙarin jini kusan duk wata na rage haɗarin da fiye da kashi 90 cikin 100. To amma ina manomin Toranke, a Ƙaramar Hukumar Ajingi, zai samu jini da kuɗin mota duk wata, shekara da shekaru?

Wannan tambaya ce likitoci suka tunkara a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad da Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Sun raba yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda awo ya nuna suna cikin haɗari, gida biyu. Aka bai wa kashi ɗaya ƙwayar haidroksiyuriya miligiram 10 kan kowane kilo na nauyin jiki a kullum, ɗayan kuma miligiram 20.

Sakamakon da mujallar Lancet Haematology ta wallafa a 2022 ya nuna cewa yara uku ne suka shanye a kashin farko, biyar a na biyu, bambancin da masanan suka ce bai taka kara ya karya ba. Adadin ya yi ƙasa sosai da na yaran da aka bari ba magani a binciken Amurka, inda kusan ɗaya cikin goma ke shanyewa duk shekara. Masu shan miligiram 20 kuma sun fi ƙarancin kwanciya a asibiti.

Gwajin dai a asibitocin birni aka yi shi. Iyayen mai sikila a Toranke ko Gaya za su fara ne da asibiti mafi kusa, su nemi a tura su inda ake wannan awo, wanda ake so a yi wa yaro duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Ba a shan haidroksiyuriya sai da umarnin likita da gwajin jini a kai a kai. Idan kuwa bakin yaro ya karkace, ko hannu ko ƙafa ta saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci.