Yadda Aka Fara Samar da Penisilin a Manyan Tankuna

Penisilin magani ne da ake samu daga wata irin funfuna, dangin wadda ke fitowa a jikin burodi idan ya kwana biyu. Alexander Fleming ne ya fara lura da ita a 1928, a asibitin St Mary's da ke Landan, inda ya ga ƙwayoyin bakteriya sun mutu a kewayen funfunar da ta faɗa cikin farantin gwajinsa. Sai dai abin da take fitarwa kaɗan ne, kuma yana saurin lalacewa.

A 1939 Howard Florey da Ernst Chain da Norman Heatley suka ɗauki aikin a Jami'ar Oxford. Funfunar ba ta rayuwa sai da iska, don haka a saman ruwan abincinta kaɗai take yaɗuwa. Dole suka riƙa kiwonta a ɗaruruwan kwanoni marasa zurfi. A 1941 aka gwada maganin a jikin wani ɗan sanda. Ya fara samun sauƙi, amma maganin ya ƙare, ciwon ya dawo ya kashe shi.

A wannan shekarar Florey da Heatley suka tafi Amurka, saboda Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗaure masana'antun Ingila. A cibiyar binciken noma ta garin Peoria, Andrew Moyer ya gano cewa ruwan jiƙon masara, wanda ke saura bayan an cire sitaci, yana ninka yawan maganin idan aka zuba shi cikin ruwan abincin funfunar. A 1943 kuma aka samo irin funfunar da ta fi albarka a jikin wani nau'in kankana daga kasuwar garin. Ita wannan tana girma ko an nutsa ta cikin ruwa.

Wannan ne ya buɗe hanyar tsima ta a tankuna masu zurfi. Ana hura iska mai tsabta ta ƙasa, inji yana motsa ruwan ba tsayawa, ana kula da zafi, ana kuma hana wata ƙwaya shiga. Bayan 'yan kwanaki sai a tace ruwan a ware maganin. Kamfanin Pfizer ya buɗe irin wannan masana'anta a Brooklyn a 1944, kuma kafin saukar sojojin ƙawance a Normandi a watan Yunin shekarar, an tanadi wadataccen magani domin masu rauni.

A 1945 Fleming da Florey da Chain suka karɓi lambar Nobel. Har yau da wannan dabara ake samar da penisilin da wasu magungunan kashe bakteriya da dama.