Zauren WhatsApp na ma'aikatan lafiya: amfaninsa da iyakarsa a Tignère

Tignère ne babban garin sashen Faro-et-Déo a yankin Adamawa na Kamaru, sashen da ya haɗa da Galim-Tignère da Mayo-Baléo da Kontcha, kuma ya yi iyaka da Najeriya. A tsarin ƙasar, mara lafiya kan fara zuwa ƙaramin asibitin da ake kira CSI, inda galibi nas ke shugabanta. Idan ciwo ya fi ƙarfinsa, sai a tura shi asibitin gunduma, daga nan kuma zuwa babban asibitin yanki da ke Ngaoundéré. Ƙauyukan suna da nisa da juna, hanyoyi kuma kan lalace da damina, don haka saurin isar labari na iya ceton rai.

A nan ne zauren WhatsApp ke da amfani. An ƙirƙiro manhajar a 2009, ta kuma yaɗu a Kamaru bayan zuwan intanet na 3G a 2014 da 2015. Idan naƙuda ta yi tsawo, ungozoma na iya aika wa likitan gunduma saƙon murya, a shirya ɗakin tiyata kafin mota ta iso. Ta zauren ake sanar da ranakun rigakafi, da ƙarewar magani, da zargin ɓullar ƙyanda ko kwalara ko sanƙarau. Saƙon murya yana ba jami'an lafiya na ƙauye damar yin bayani da Fulatanci ko Hausa, ba sai sun rubuta Faransanci ba.

Sai dai zaure ba ya maye gurbin rahoton hukuma. Ma'aikatar lafiya tana tattara alƙaluma ne ta manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta samar. Abin da ya tsaya a waya kawai ba ya shiga lissafin ƙasa.

Akwai kuma batun sirri. Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni tsakanin mai aikawa da mai karɓa, amma hoton da ya sauka a waya ana iya tura shi ko'ina. Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disamba 2024. Don haka ƙa'idar aiki ita ce a ɓoye suna da fuskar mara lafiya, a cire wanda ya bar aiki daga zauren, a kuma kira kai tsaye idan abin gaggawa ne, domin inda sabis ke yankewa saƙo na iya kwana bai isa ba.