Zakaran da Ba a Yankawa

A gidanmu na Unguwar Shanu akwai zakaran da wuƙa ba ta isa ta taɓa shi ba. Ko baƙo ya sauka, ko Sallah ta ƙarato, Iya, kakata ta wajen uba, wani daban take nunawa a kama. Shi wannan ja ne mai baƙar wutsiya, zankonsa a tsaye, ƙirjinsa a buɗe. In an matsa mata sai ta ce, "Wannan na iri ne, ku ƙyale shi." Ina yaro a farkon shekarun 1970 na ɗauka ƙauna ce kawai take masa. Sai da na yi shekaru ina kiwo da kaina na gane tsohuwar nan ma'auni gare ta, kuma ba ta taɓa sassauta shi don kunyar kowa ba.

Da magariba take aikinta, bayan kaji sun shiga akurki. Ta kamo sagara ta ɗora a tafin hannu ta ji nauyinta, ta duba ido ko garau yake, ta shafa ƙafa ko da kirci, sannan ta sa yatsu tsakanin ƙasusuwan nan biyu na gindi. In yatsa biyu ko uku suka shige, ta ce wannan ta kusa fara ƙwai. Duk wannan share fage ne. Hukuncin gaskiya sai bayan kwancin fari: cikin ƙwai goma sha biyu nawa ta ƙyanƙyashe bayan kwana 21, kuma nawa suka kai wata biyu da rai. Kazar da ke tashi ta bar ƙwai ya huce, ko wadda shirwa za ta gifta ba ta yi kukan da 'yan tsaki za su ruga ƙarƙashin rumbu ba, tukunya ce makomarta, komai kyawun gashinta. Zakara kuwa ba ya wuce shekara biyu a gidan. Takan aika da shi wurin ƙanwarta a Rigachikun a karɓo wani, don kada ya hau 'ya'yansa jini ya yi rauni.

Kajin ma kowace da sunanta. Akwai durgu mai gajerun ƙafafu, da fingi mai wuya tsirara, da shazumami wadda gashinta ya murɗe ya juya sama, da mai tukku, da wake-wake. Sai kazar Fulani, doguwa, ta fi sauran jiki, wadda ake samu a rugage. Matan unguwa sun san halin kowace kamar yadda suka san halin 'ya'yansu, amma ba wanda ya taɓa rubuta shi.

Turawa sun rubuta nasu. A Ingila an buga littafin ƙa'idar siffofin kaji na farko a 1865, Amurka ta fitar da nata a 1874. Kowane iri an faɗi nauyin zakaransa da na kazarsa, siffar zanko, launin ƙafa, har da aibin da zai sa a fitar da kaza daga gasa. Rubutun nan shi ya sa jar kazar Rhode Island ta ƙetare teku ta iso mana da sunanta da kamanninta. Durgu kuwa, da Iya ta rasu, rabin abin da aka sani game da ita a gidanmu ya bi ta.

Hukuma ma da ta waiwayi dabbobin Arewa, da shanu ta fara. Gonar Shika da ke kan hanyar Zariya zuwa Funtuwa an kafa ta a 1928 don zaɓen irin shanun gida. Kaza kuwa, abin da malaman gona suka zo mata da shi musaya ce: ka ba da zakaranka na gida, a ba ka jan zakaran Turawa ya gyara maka iri. 'Ya'yan fari sukan fito da girma, kowa ya yi murna. Sai hunturu ya shigo da annobar nan da likitoci ke kira Niyukasil, kaji su yi ta gyangyaɗi, wuya ya murɗe, gari ya waye akurki a share. Waɗanda suka tsira kuma, da yawansu ba su damu da kwanci ba, domin can inda aka fito da iyayensu inji ke ƙyanƙyasa.

A 1976 gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, kiwon kajin gidan gona ya shigo Kaduna da ƙarfinsa. Daga Abakwa zuwa Unguwar Sarki, ma'aikaci in ya samu ɗan fili a bayan gida sai ya kafa keji. Ni ma a lokacin na fara, da 'yan tsaki hamsin da aka kawo cikin kwali daga Ibadan, na kwana ina gadin fitilar ƙwai don kada sanyi ya kama su. Gaskiya ƙwai ya wadata. Kazar gida in ta yi hamsin a shekara ta yi ƙoƙari, ita kuwa ta agirik tana haura ɗari biyu. Amma ba a ajiye irinta, kowace shekara sai ka koma ka saya. Da tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo a 1986, naira ta faɗi, buhun abinci ya gagari talaka, kejuna suka koma wurin ajiye gawayi. Mutane suka juya neman kazar gida mai cin dusa da tsaki da gara, suka tarar ta gauraye.

Dole a yaba wa mutanen Shika. Wurin ya zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1976, kuma daga tsakiyar shekarun 1980 suka duƙufa kan samar da kazar ƙwai da za ta jure yanayinmu. Layi biyu suka riƙe, na uba mai jan gashi da na uwa mai fari, suna auna ƙwan kowace kaza, suna zaɓe zuriya bayan zuriya, har aka yi wa ShikaBrown rajista a 2000. Hikimar haɗin ita ce tun ranar ƙyanƙyasa za ka raba su da ido: mata jajaye, maza farare. Na yi kiwonta, ta biya ni. Sai dai tushenta Rhode Island ne. Irin wannan haƙuri na shekara goma sha biyar, da ma'auni da rajista, fingi da durgu ba su same shi a nan Arewa ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da murar tsuntsaye a wata babbar gona a Jaji, karo na farko da aka ga nau'inta na H5N1 a duk nahiyar Afirka. Gwamnati ta sa diyyar naira 250 kan kowace kaza da aka kashe. A unguwarmu tsoro ya fi cutar ɓarna. Mata suka yi ta yanka kajinsu, wasu suka sayar a wulaƙance, iri na shekara da shekaru ya ƙare cikin mako biyu. Jikokin jan zakaran Iya a nan suka tafi.

Bayan haka sai zamanin maja, kajin nan masu launi-launi irin su Noiler ta kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo, masu kama da na gida amma su ninka su girma cikin wata uku. A Abekuta, Farfesa Olufunmilayo Adebambo ta shafe shekaru tana sarrafa jinin kajin gida, har da fingi da shazumami, aka yi wa FUNAAB Alpha rajista a 2018. Bincike ya nuna abin da Iya ta sani: wuyan fingi da ake wa kallon muni hanyar shan iska ce a zafin Afrilu.

Yanzu kuma samarin Kaduna sun kamu da son Brahma, ƙatuwar kazar nan mai gashi har ƙafa. Ka zauna da yaro ɗan shekara ashirin ya karanto maka yadda zankonta ya kamata ya kwanta, da inda gashin yatsa zai tsaya, ya nuna maka hoton uwa da uba a waya kafin ku yi ciniki. Ina jin daɗin zama da su, domin su ne suka fara ɗaukar asalin kaza da muhimmanci. Kullum roƙona gare su ɗaya ne, su ware keji guda su yi wa ta gida irin wannan hidima.

Ni dai tun 2007 na sayi littafi mai bango mai kauri na ɗauki fingi. Kowace kaza da zaren da nake ɗaura mata a ƙafa, launin zare shi ne shekararta, shafi guda nata ne: uwarta, ubanta, ƙwai nawa, ƙyanƙyasa nawa, nawa suka rayu. Littafin ya koya mini abin da ido bai nuna mini ba. Fingi mai ɗan tuntun gashi a gaban wuya rabin jini ce. Ka haɗa irinta biyu, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan zai fito da wuya a rufe. Wadda wuyanta ya fita fes har ƙirji ita ke ba da fingi zalla, ko da wane zakara. Shazumami kuwa ba na haɗa biyu, don wasu 'ya'yan gashinsu karyewa yake su zauna kusan tsirara. Kafin hunturu ina ɗiga musu rigakafin Niyukasil na cibiyar Vom a ido, ɗigo ɗaya kowace. Zakaran da ya fi kowanne kyau kuma ba na sayar da shi ko ana gobe Sallah, duk da ranar ce kuɗinsa ke ninkuwa, kuma ranar ce mafi yawanmu ke rabuwa da mafi kyawun irinmu mu bar ƙanƙanin ya hau kaji.

Talatar da ta wuce na shiga kasuwar Kawo na bi layin 'yan kaji daga farko har ƙarshe. Maja ce kwando bayan kwando. Can wajen ƙarshe, wurin wani dattijo da ya zo daga ƙauye, na hango sagara fingi guda, wake-wake, wuyanta fes. Na ɗaga ta na ji nauyi, na sa yatsu, biyu suka shige. Na ce, "Baba, uwarta na nan?" Ya ce tana nan, kwanci ma take, ƙwai goma sha ɗaya. Na biya ban taya ba, muka yi alkawari zai kawo mini biyu cikin ƙannenta in sun yi wata biyu. Tana keɓe a bayan ɗaki sai ta cika mako biyu kafin ta haɗu da sauran. Na ɗaura mata koren zare, na buɗe mata shafi.