Daga Adashi Zuwa Akwati Mai Kwaɗo Uku: Tarihin Mata Masu Dubara

Adashi tsohuwar hanya ce ta tara jari a ƙasar Hausa, kuma mata ne suka fi riƙe ta. Tsarinsa ba shi da wuyar ganewa. Mutum goma ko ashirin za su yarda su riƙa zuba kuɗi daidai wa daida duk mako ko duk ranar kasuwa, ɗaya ya kwashe, a yi ta zagayawa har kowa ya ɗauka. Uwar adashi ce ke bi gida-gida ko ta aika yarinya ta karɓo zubi, a wurare da yawa kuma ana bar mata wani abu na wahalarta. Kusa da adashi akwai biki, inda mace ke kai wa ƙawarta gudummawa ranar suna ko aure da sanin cewa za a mayar mata, sau da yawa har da ƙari. Akwai kuma ba da kiwo, a ba mace akuya ta riƙe, in akuyar ta haihu a raba 'ya'yan. Da waɗannan ne matar da ba ta da gona, ba ta da shago, take samun abin fara sana'a.

Dalilin da ya sa adashi ya yi ƙarfi a hannun mata a bayyane yake. A shari'a da al'ada, dukiyar mace tata ce, ba ta haɗuwa da ta miji. Matan aure da yawa suna cikin kulle, amma daga cikin gida suke dama fura, su soya ƙosai, su matse man gyaɗa su yi ƙuliƙuli, yara su kai talla. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna cewa ɓoyayyen cinikin da ake yi daga gida zuwa gida ba ƙaramin kaso ba ne na kasuwancin gari. Sai dai adashi yana da rauninsa. Ɗauka ba ta zuwa lokacin da buƙata ta zo: mace na iya son jari da kaka, sa'ad da gyaɗa ke da araha, alhali kwasarta sai bazara. Kuɗin kuma ba ya haihuwa, abin da aka zuba shi ake ɗauka. In kuwa uwar adashi ta ci amana, ko wadda ta riga ta kwasa ta daina zubi, sai dai a kai ƙara wurin mai unguwa.

Bayan Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, gwamnati ta kafa hanyoyin ba da rance ga mutanen karkara, ciki har da hukumar UNCC ta ƙungiyoyin haɗin gwiwa a 1962. Rancen iri da taki da garmar shanu ya fi tafiya ga magidanta masu noman gyaɗa da auduga, domin su ne ke da gona da suna a takarda. Mata ba su shiga lissafin sosai ba. Farin 1973 da 1974 ya karya noman gyaɗa da Maraɗi ke tinƙaho da shi, na 1984 ya ƙara dagula al'amura. Kafin shekarun 1980 su ƙare, asusun rancen manoma na ƙasa ya durƙushe, babban bankin raya ƙasa na BDRN ma ya bi sahu a 1990. Maza suka yawaita tafiya cin rani Nijeriya da sauran ƙasashen kudu, aka bar mata da ɗawainiyar gida tsawon watanni.

A cikin wannan hali ne ƙungiyar agaji ta CARE, wadda ta shigo Nijar tun farin shekarun 1970, ta gwada hanyoyi biyu a jihar Maraɗi. Ta farko ita ce Bankin Raya Karkara, wanda ke raba rance daga kuɗin masu ba da tallafi na waje. Ya bunƙasa da sauri, daga baya matsalar rashin biyan bashi ta sha kansa. Ta biyu ta soma a 1991 ƙarƙashin wata ma'aikaciya 'yar ƙasar Norway, Moira Eknes, da ƙungiyoyi ƙalilan na matan ƙauye. Ba a kawo musu ko dala ba. Abin da aka kawo shi ne horo da akwatin ƙarfe, aka kuma ɗora tsarin a kan adashin da suka riga suka sani. Sunan da aka ba shirin shi ne Mata Masu Dubara, ana taƙaita shi MMD.

Ƙungiya takan ƙunshi mata kamar ashirin da biyar zuwa talatin, waɗanda suka san juna kuma suka zaɓi juna da kansu. Sukan zaɓi shugaba da ma'aji da masu ƙirga kuɗi. Ranar taro, sau ɗaya a mako, ana shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ko gindin bishiya, a ajiye akwatin a tsakiya. Kwaɗo uku ne a jikinsa, makullan suna hannun mata uku daban-daban, ita kuwa mai ajiyar akwatin ba ta riƙe ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Ana kiran suna, kowace ta taso ta zuba nata, ko da dala goma ne ko dala ashirin, a ƙirga da babbar murya, a faɗi jimilla kowa ta ji. Wadda ta makara ko ta yi fashi ba dalili tana biyan tara, tarar ma cikin akwati take shiga. Da yake yawancin matan ba su yi boko ba, ƙungiyoyin farko ba su dogara da littafi ba. Kowa zubi ɗaya take yi, kuma ana ɗora wa kowace mace nauyin tuna bashin wata. Mai jin wannan daga nesa zai ɗauka sakaci ne, amma lissafin da mutum talatin suka haddace ya fi wuyar murɗewa a kan wanda magatakarda ɗaya ya rubuta.

Inda tsarin ya rabu da adashi shi ne ba a kwashe kuɗin duk mako. Ana barinsa ya taru, sannan a riƙa ba mambobi rance na ɗan gajeren lokaci, galibi wata guda, su mayar da ƙarin da suka amince a tsakaninsu, wanda sau da yawa kashi 10 cikin 100 ne. Da wannan mace za ta sayi tiya kaɗan ta gyaɗa ta yi mai, ko ta sari gero da kaka, ko ta sayi rago ta turke shi har Layya. A ƙarshen zango, kusan shekara guda, ana fasa asusu a raba uwar kuɗi da riba, kuma akan saita rabon ya faɗo daidai da shuka ko salla. Ana kuma ware ɗan asusu na daban domin rashin lafiya da gobara da rasuwa.

Batun ƙarin nan bai wuce ba tare da muhawara ba. Wasu malamai sun ce kuɗin ruwa ne; masu kare tsarin suka ce ribar tana komawa ga waɗanda suka zuba ne, ba ga wani mai bashi na waje ba. Ƙungiyoyi da dama, musamman da tsarin ya shiga wasu yankunan Musulmi, sun bar ƙarin suka koma sayen kaya su sayar wa mambobi, ko yin sana'ar haɗin gwiwa.

Ma'aikacin CARE yakan bi ƙungiya na wasu watanni, sannan ya janye. Daga baya aka horar da mata daga cikin ƙauyukan su riƙa kafa sababbin ƙungiyoyi, ƙungiyoyin ne kuma ke biyansu. Ta haka shirin ya bazu zuwa Tawa da Damagaram da Doso da Tilaberi, kuma wajen 2002 an ƙiyasta mata sama da 160,000 a ƙungiyoyi kusan 5,500. Wasu ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa rumbunan tsimi, abin da ya taimaka a yunwar 2005 da ta yi wa Maraɗi mummunan kamu. Dokar kason mata ta shekarar 2000 da zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 sun buɗe wata ƙofar: matan da suka saba jagorantar taro da magana a bainar jama'a a gindin akwati suka tsaya takara, wasunsu suka zama kansiloli.

Daga Nijar tsarin ya tsallaka zuwa Mali da Mozambik da Zimbabuwe da Zanzibar da Uganda, aka yi masa gyare-gyare, aka shigo da ƙaramin littafi da hatimi, aka ba mamba damar zuba kaso ɗaya zuwa biyar. Da sunan VSLA aka fi saninsa yanzu a duniya, kuma wasu ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da Plan sun ɗauki makamancinsa. Rancen da ke zuwa daga gwamnati kuwa bai sami irin wannan ɗorewa ba: a Nijeriya, Bankin Al'umma da gwamnatin Babangida ta kafa a 1989 domin ba talakawa rance ba tare da jingina ba bai wuce shekara 11 ba aka narkar da shi cikin bankin manoma a 2000.

Akwatin yana da iyakarsa. Jarin da matalauta suka tara a tsakaninsu ƙarami ne, ya isa tuyar ƙosai amma bai isa sayen injin niƙa ba, ga shi kowa na neman rance a lokaci guda. Macen da ba ta da ko abin zubin mako takan tsaya a waje. Ƙoƙarin haɗa ƙungiyoyin da bankuna domin su sami babban rance ya amfani wasu, ya jefa wasu cikin bashin da ya fi ƙarfinsu. Ƙungiyoyin da suka fi daɗewa su ne waɗanda suka tsaya a kan kuɗin da mambobinsu suka zuba da hannunsu.