Ma'aunin BASFI

BASFI ma'auni ne da likitoci ke amfani da shi wajen gano yadda amosanin ƙashin baya mai kumburi, wanda ake kira ankylosing spondylitis, ya rage wa mutum ƙarfin gudanar da harkokinsa na yau da kullum. Andrei Calin da abokan aikinsa ne suka tsara shi a asibitin cututtukan gaɓoɓi na birnin Bath a Ingila, aka wallafa shi a shekarar 1994.

Majinyaci da kansa yake amsa tambayoyi 10 game da makon da ya gabata. Takwas sun shafi motsin jiki, kamar sa safa ba tare da taimako ba, sunkuyawa a ɗauki biro daga ƙasa, tashi daga kujera marar hannu, tsayuwar minti 10, hawa matakala 12 zuwa 15, da waiwaye ba tare da juya jiki ba. Sauran biyun kuwa sun shafi aikin ƙarfi da hidimar yini guda.

Kowace amsa tana samun maki daga 0 zuwa 10, sannan a raba jimillar gida 10. Yawan maki yana nuna tsananin nakasa. An fassara ma'aunin zuwa harsuna da dama.