Daga Keken Mahauci Zuwa Asusun Diyyar Ma'aikata

A shekarar 1835 wani yaron mahauci a Ingila mai suna Charles Priestley ya hau keken doki da aka labta wa naman tumaki fiye da kima. Ana cikin tafiya keken ya karye, kaya suka danne shi, ya samu karaya a cinya. Aka maka maigidansa, Thomas Fowler, a kotu, aka yanke a biya yaron fam 100. A 1837 babbar kotu ta soke hukuncin. Alƙali Abinger ya ce in aka buɗe wannan ƙofa, gobe bara zai kai ubangidansa ƙara don kawai 'yar aiki ta yi masa shimfiɗa mai danshi.

Daga nan masu masana'antu suka samu mafaka uku a kotu. Ko su ce sakacin abokin aiki ne, ko laifin wanda ya ji raunin ne, ko kuma ai ya san aikin da haɗari ya karɓa. Leburan da injin ya cinye wa hannu sai ya koma gida, ba hannu, ba ko sisi.

Jamus ce ta fara warware wannan ƙulli. A 1884 shugaban gwamnatinta Bismarck, da yake neman raba ma'aikata da 'yan gurguzu, ya kafa inshorar haɗarin aiki wadda masu kamfani ke zuba wa kuɗi. Aka daina tambayar laifin wa ne, abin dubawa kawai shi ne ko a bakin aiki raunin ya faru. Birtaniya ta bi sahu a 1897.

Amurka sai da aka yi asarar rayuka. Ranar 24 ga Maris 1911 kotun ƙoli ta jihar New York ta rushe dokar diyyar ma'aikata ta jihar, ta ce ƙwace dukiyar masu kamfani ce. Washegari gobara ta tashi a masana'antar ɗinkin riguna ta Triangle da ke jihar. Ƙofar fita tana kulle, mutum 146 suka mutu, yawancinsu 'yan mata baƙin haure, wasu ta taga suka faɗo. A 1913 jihar ta gyara tsarin mulkinta domin dokar ta tsaya da ƙafarta. Cinikin da aka ƙulla shi ne ma'aikaci ya samu diyya ba tare da jeka-ka-dawo a kotu ba, shi kuma ya haƙura da kai ƙarar maigida.

Najeriya ta gaji tsarin daga Turawan mulkin mallaka, ta sake shi a 1987, sannan ta yi sabuwar doka a 2010 wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke gudanarwa. Dokar ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, da kurumta, da haɗarin hanya tsakanin gida da wurin aiki. Maigida ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma doka ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci.